ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: JAWABI KAN KAFA KWAMITIN MANHAJA MAI 'YANCI



Muna godiya ga uwar ƙungiya da ta ba mu wannan dama, mu da aka ɗora wa nazarin maganar kwamfuta, mu tsaya a gabanku mu faɗi abin da muka gano da abin da muke roƙo. Mun san wasu sun baro rumfa a Mile 12, wasu sun baro kwata a Oko-Oba, wasu kuma tun daga Idi-Araba da Obalende suka sha cunkoson hanya kafin su iso Agege, saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba. Roƙonmu guda ɗaya ne, a amince a kafa kwamiti mai rajista, wanda ba na neman riba ba, aikinsa shi ne koyar da jama'armu amfani da manhaja mai 'yanci da yaɗa ta a tsakaninmu. Amma kafin mu roƙi dattawa su ɗaga hannu, wajibi ne mu yi bayanin abin da za su ɗaga hannu a kansa.

MECE CE MANHAJA MAI 'YANCI?

Kwamfuta dai ƙarfe ce da wayoyi. Abin da ke sa ta aiki shi ne manhaja, wato jerin umarnin da wani ɗan Adam ya zauna ya rubuta mata. Kowace manhaja tana da siga biyu. Akwai asalin rubutun, wanda masani zai iya karantawa ya gane ya gyara. Akwai kuma wanda aka juya zuwa yaren inji, wanda kwamfuta kaɗai ke ganewa. Yawancin kamfanoni sai su ba ka na biyun, su kulle na farkon a wurinsu. Kuɗin da ka biya ma ba na mallaka ba ne, na izinin amfani ne, wato lasisi, kuma a cikin sharuɗɗansa ba ka da ikon kwafa wa ƙaninka, balle ka buɗe ka gyara.

Ita kuwa manhaja mai 'yanci, wadda wasu ke kira buɗaɗɗiyar manhaja, tana zuwa da dama huɗu. Ka yi amfani da ita a kan duk aikin da ka ga dama. Ka duba asalin rubutunta ka ga yadda take aiki, ka sauya abin da bai yi maka ba. Ka kwafa ka ba wanda kake so. Sannan in ka yi mata gyara, ka raba gyaran ga jama'a. Mu da muka fito daga gidajen noma mun san bambancin irin da za ka shuka ka cire na baɗi daga rumbunka, har ka sam wa maƙwabci, da irin da kowace damina sai ka koma kanti ka saya. To, wannan shi ne bambancin.

A nan akwai wurin da Turawa ke ruɗewa, domin a yarensu kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar kyauta da ma'anar 'yanci. Mu Hausa ta raba mana gardama. Gaskiya ne yawancin irin wannan manhaja ba a biyan ko kwabo, amma ba arahar ce ta kawo mu nan ba. Abin da ya kawo mu shi ne wane ne ke riƙe da mabuɗi.

ME YA SA YANZU?

Jama'a, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron da bai taɓa sa hannu a kan madannai ba sai ranar jarrabawa, ko ya san amsa, an riga an tsere masa. Iyaye da makarantun unguwa sun fahimci haka, shi ya sa ake ta sayen kwamfutoci tokumbo a Computer Village da ke Ikeja, daidai ƙarfin aljihu.

To ga inda gizo ke saƙar. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, kamar yadda ya yi wa Windows XP a 2014, ya kuma yi wa Windows 7 a 2020. Ƙarshen tallafi yana nufin an daina aiko da facin da ke toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke shiga ta ciki. Kamfanin ya tanadi ƙarin wa'adi ga masu so, amma shi ma mai ƙarewa ne. Windows 11 kuwa tana buƙatar wani ɗan sassan tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma sabuwar ƙwaƙwalwa, waɗanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su. Ke nan inji lafiyarsa ƙalau, yana tashi yana aiki, amma mai manhaja ya ce kwanansa ya ƙare. Ba laifi muke ɗora wa kamfani ba, kayansa ne, yana da ikon yanke hukunci a kansu. Abin da muke cewa shi ne, magabata sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

TAMBAYOYI BIYU DA AKA YI MANA

Da muke zagayawa neman shawara, wani dattijo ya ce mana, "Yara, mene ne abin wahala? Ai yaron da ke gyara a kasuwa yakan sa mana duk manhajar da muke so, kuɗin shayi kawai muke ba shi." Baba, da girmanka, wannan ita ce ta jabu, wadda aka fasa makullinta. Dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar nan ta shekarar 2022 ta sa manhaja cikin abubuwan da take karewa, kamar littafi. Mu baƙi ne masu zaman kasuwanci a garin mutane, jarinmu mutunci ne, bai kamata makarantar da muka gina ko ofishin ƙungiyarmu su zauna a kan abin da za a iya kai mu ƙara dominsa ba. Ban da haka, wanda ya fasa makullin wani ya ba ka, me zai hana ya bar wa kansa taga? Sau da yawa a cikin irin waɗannan kwafe-kwafe ake ɓoye ƙwayar cutar da ke satar lambobin sirri. A yau kuwa cinikin shanu da na tumatir da na goro duk ta banki da waya yake bi.

Tambaya ta biyu daga wata hajiya ta fito, ta ce, "Abin da aka bayar kyauta yana da auki kuwa?" Hajiya, wayar Android da ke cikin jakarki a kan Linux aka gina ta, Linux kuwa manhaja ce mai 'yanci. Tun watan Nuwamba na 2017, kwamfutoci 500 da suka fi kowanne ƙarfi a duniya dukansu Linux ke tafiyar da su. Mu dawo gida Nijeriya. Manhajar DHIS2 da ake tattara alƙaluman asibitocin ƙasar nan da ita, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar aikinta, buɗaɗɗiya ce. Haka SORMAS, wadda aka fara ƙirƙirowa sakamakon annobar Ebola ta 2014 da ta shigo nan Legas, masana na Nijeriya da na Jamus suka haɗa hannu a kanta, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta yi aiki da ita wajen bin sawun annoba. Wikipedia ta Hausa da yaranmu ke karantawa ita ma a kan buɗaɗɗiyar manhaja take zaune. Gani ya kori ji.

ME YA SA SAI DA KWAMITI?

Wani zai ce, tunda abin a buɗe yake, kowa ya je ya ɗauka mana, me ya kawo rajista da amintattu? Amsar tana cikin tarihin abin kansa.

A shekarar 1983 wani masanin kwamfuta na Amurka mai suna Richard Stallman ya shelanta aikin da ya kira GNU, da nufin gina cikakkiyar manhaja mai 'yanci. Bai wuce shekara biyu ba, a 1985, ya kafa gidauniyar da ba ta neman riba, wadda ake kira FSF a taƙaice, domin ta riƙe kuɗin gudummawa da haƙƙoƙin aikin. Daga nan aka fito da lasisin GPL a 1989. Hikimar wannan lasisi ita ce, duk wanda ya gyara manhajar ya raba wa mutane, dole ya ba su irin 'yancin da shi ma ya samu. Kamar rijiyar unguwa ce. Ka ɗiba ka sha, in kai ɗan garuwa ne ka cika jarkokinka ka tura kura ka sayar, halalinka ne, guminka ka ci. Abin da ba ka da iko shi ne ka kewaye rijiyar da katanga ka ce ta zama taka. A 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, a 1992 ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi, sai dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suka shigo. Aikin gayya ke nan, sai dai gonar ta duniya ce.

Ga misalin amfanin haɗuwa. Akwai manhajar ofis da ake kira OpenOffice, wadda kamfanin Sun ke ɗaukar nauyinta. A 2010 kamfanin Oracle ya saye Sun. Masu aikin sa kai suka ga makomar aikinsu ta koma hannun da ba su da ta cewa a kansa, sai suka ɗauki asalin rubutun, domin lasisi ya ba su dama, suka ci gaba da sunan LibreOffice, suka kuma yi wa gidauniyarsu rajista a birnin Berlin a 2012. Da babu 'yanci da ba su iya ɗauka ba, da babu ƙungiya kuma da sun watse.

Ga kuma misalin illar sakaci. A 2014 aka gano wata babbar ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita wajen ɓoye sirrin masu hulɗa da su. Da aka bincika sai aka tarar 'yan mutane ƙalilan ne ke kula da ita, gudummawar da suke samu a shekara kuwa ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Kowa na sha, babu mai yasar rijiya. Sai bayan ɓarna ta auku manyan kamfanoni suka haɗa asusun tallafi.

A nahiyarmu ma ba yau aka fara ba. A 2003 aka kafa gidauniyar FOSSFA domin yaɗa buɗaɗɗiyar manhaja a Afirka, ta yi babban taronta a Abuja a 2012. A 2020 matasan ƙungiyar Open Source Community Africa suka yi bikinsu a nan Legas. Ana ta wannan hidima a bakin ƙofarmu, amma da wuya ka ji an ce ga wakilin unguwannin Hausawa a wurin. Mutum ɗaya ba a gayyatarsa, ƙungiya ake aika wa takarda.

ME YA SA BA NA RIBA BA?

Wasu matasa sun ba da shawarar a buɗe shagon buga takardu kawai da sunan ƙungiya, a riƙa raba riba. Mun duba, muka ga bai dace ba, saboda dalili biyu. Na farko, 'ya'yanmu ne ke da irin waɗannan shaguna, bai kamata uwa ta shiga kasuwa tana ƙwace wa ɗanta ciniki ba. Kwamiti ya koyar, yaro ya je ya buɗe shagonsa ya ci abinci da abin da ya koya. Kada a ɗauka babu abinci a wannan fanni. Kamfanin Red Hat da girkawa da kula da Linux ya yi arziki, har IBM ya saye shi a 2019 kan dala biliyan 34. Na biyu, duk wanda zai ba da tsohuwar kwamfutar ofishinsa, ko malamin da zai sadaukar da Asabar ɗinsa, yana so ya tabbata ba aljihun wani yake cikawa ba.

Dokar ƙasa ta tanadi hanya. Dokar kamfanoni ta 2020, a sashenta na amintattu masu rajista, ta ba al'umma damar naɗa amintattu biyu ko fiye su yi rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Za a kai kundin tsarin mulki da takardar zaman da aka naɗa amintattun. Za a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ba a naɗa yaro ƙarami, ko wanda kotu ta kama da laifin zamba cikin shekaru 5 da suka wuce. Bayan rajista kwamiti zai iya mallakar kaya da buɗe asusun banki da sunansa, kuma wajibi ne ya riƙa kai rahoton shekara. Doka ta hana raba kuɗinsa ga 'yan ƙungiya a matsayin riba, ko rushewa ya yi, abin da ya rage sai a miƙa wa wata ƙungiya mai irin manufarsa.

TSARIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Dattawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dukanmu mun san yadda kwamitoci ke mutuwa a garuruwan da muke zaune. A tara kuɗi da ɗoki, a sayi kaya, bayan shekara a nemi janareta a ji yana gidan wane, a nemi littafin kuɗi a ce mai riƙe da shi ya tafi gida noma. Mu kuwa kakanninmu da suka kafa zango a ƙasar Yarabawa ba da takarda suka riƙe cinikin goro da shanu ba, da amana suka riƙe, fatake su sauka gidan mai gida su bar dukiya su tafi, su dawo su tarar da ita cif. Muna so a haɗa wancan gado da rubutu.

Saboda haka muna ba da shawarar amintattu 5: ɗaya daga majalisar Sarki, ɗaya daga iyaye mata, ɗaya daga malaman makaranta, ɗaya daga 'yan kasuwa, ɗaya daga matasa. A ƙarƙashinsu masu gudanarwa 7, wa'adinsu shekara 2. Asusun banki ya kasance da masu sa hannu 3, ba a fitar da kuɗi sai 2 sun sa. Kowace kwamfuta da aka bayar a rubuta lambarta da inda take. Lambobin sirri kada su zauna a kan mutum ɗaya. Duk wata 3 ma'aji ya karanta shiga da fita a gaban taro, a kuma buga a wannan mujalla tamu. Sannan kada a karɓi gudummawar da ke da igiya a wuya, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya kwamfutoci kusan 15,000, amma da shugabanci ya canza, a 2017 majalisar birnin ta jefa ƙuri'ar juyawa baya. Aikin da ya rataya a kan ra'ayin mai kujera, kujera na juyawa shi ma ya juya.

AIKIN SHEKARAR FARKO

Ba mu so a ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuya. Ayyuka uku sun isa.

Na ɗaya, rayar da tsofaffin kwamfutoci. Asabar ɗaya a kowane wata, mai inji ya kawo, a fara kwashe masa takardunsa da hotunansa a ajiye, a nuna masa Linux Mint ko Ubuntu daga filash ba tare da an goge komai ba, in ya gamsu a girka masa. Za mu fara da ofishin ƙungiya da makarantunmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, horo. Matasa 20 a zangon farko, rabinsu mata, su koyi buga rubutu, da lissafin ciniki da LibreOffice, da girka manhaja da gyaranta. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ya gama ya dawo ya koyar da na baya. Ƙofa kuma a buɗe take ga 'ya'yan maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo da kowa, domin abin da muka samu ta hanyar gayya bai kamata mu yi rowarsa ba.

Na uku, harshenmu. Yaran da aka haifa a nan da yawa suna jin Hausa amma ba su iya rubuta ta. Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ta yadda ba za a rubuta kasa ana nufin ƙasa ba. Akwai kuma shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla, inda mutane ke ba da muryarsu domin kwamfuta ta koyi jin harsuna, Hausa na ciki. A nan iyayenmu mata da dattawa, ko ba su taɓa riƙe kwamfuta ba, su ne malamai.

Ba za mu ɓoye muku wahalar ba. Masu aikin ɗab'i da suka saba da CorelDRAW ko Photoshop za su tarar akwai Inkscape da GIMP, amma sai sun sake koyo, kuma wani aikin ba zai zo daidai da yadda suka saba ba. Wani injin buga takarda zai yi gardama. Ga matsalar wuta, ga kuɗin data. Don haka ba za a tilasta wa kowa ba, wanda sana'arsa ke buƙatar manhajar kamfani ya sayi ta gaskiya ya yi aikinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

ROƘONMU

Mai girma Sarki, shugabanni, jama'a, abin da muke roƙo a wannan zama uku ne. A amince da kafa kwamitin. A ba kowane rukuni mako 4 ya kawo sunan amintaccensa. A kuma ba mu aron ɗaki ɗaya a sakatariyar ƙungiya, da izinin buɗe littafin gudummawa domin kuɗin rajista da na sanarwar jarida. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado, kada ya sayar wa 'yan gwangwan, ya kawo. Wanda ke da ilimi ya kawo, wanda ke da lokaci ya kawo, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu sai mu miƙa wa shugaba domin tambayoyi da ƙuri'a.